Karkatar Ɗan Tsage

Mutumin Kebbe, in dai a bakin gulbi aka binne cibiyarsa, ba ya ganin mutumin Tambuwal da gashi a zancen ruwa. A fatauci zai sara masa, a karatu zai durƙusa masa. Amma ruwa? Ɗangiwa masassaƙi yakan ce ruwan da mutanen Tambuwal suka sani shi ne wanda guga ya hauro da shi, shi ma sai sun leƙa sun tabbata babu kwaɗo a ciki.

Zamanin nan ne da ake kai gaisuwar kaka Sakkwato bisa jakuna, tun Bature bai san hanyar ƙasar nan ba. Duk shekara, in an gama girbi kuma gulbi bai janye ba, masunta sukan yi tseren kwale-kwale daga mashigin Kebbe zuwa wani tsibirin yashi, su zagayo su dawo. Gidan su Ɗangiwa su ke sassaƙa jiragen, kuma suna da wata al'ada tasu. In jirgi ya yi suna, ya ci tsere, ya tsufa har ya fara shan ruwa, ba a barinsa ya ruɓe haka nan. Sai a zo da igiyar rama a auna shi kaf, tsawo da faɗi da zurfi da kaurin kowane gefe. A yanki itace mai lafiya daga jikinsa a sassaƙa masa ɗa. Duk kamu ɗaya na uban, faɗin yatsa ɗaya ne a jikin ɗan. Ba a ƙari, ba a ragi, ba a gyara. In uban yana da tabo a hanci, ɗan ma sai an yi masa. Wani malami ya taɓa zuwa ya jujjuya su, ya ce tunda ba siffar mai rai ba ce babu laifi, sannan ya zauna yana wasa da ɗaya har lokacin azahar ya kusa wuce shi.

Su goma sha ɗaya ne a ɗakin Ɗangiwa, kowanne a ragayarsa saboda gara, suna ƙyalli da man kaɗe. Kowanne da 'yar jakar fata ɗaure a wutsiya, a ciki akwai ɗan dutse. Dutsen nan shi ne matuƙin jirgin, nauyinsa gwargwadon nauyin mutumin.

Wanda ya fi su daraja shi ne ɗan Tsage. Tsage, mai sunan kifin nan mai haƙora, jirgin wani matuƙi ne da ake kira Dogo, tun kafin jihadi. Shekara bakwai a jere babu jirgin da ya ga hancinsa, sai wutsiya. Bube, mahaifin Ɗangiwa, shi ya auna shi yana saurayi. Kamu ashirin da biyu, yatsa ashirin da biyu. Siriri ne, mai dogon hanci, ga santsi kamar tafin jariri. Aibinsa ɗaya: in ka ɗora shi a ruwa babu komai a ciki, sai ya karkata dama, kamar tsohon da gyangyaɗi ya kama a sahu.

Bube bai bar duniya ba sai da ya kai ɗansa gindin wani maɗaci a hanyar Fakku, ya sa masa alama da gizago, ya ce a duk yankin nan shi kaɗai zai iya haifar sabon Tsage. Shekara talatin Ɗangiwa yana zuwa yana auna kaurin itacen nan da hannu. Yanzu itace ya isa sara, shi kuwa hannunsa ya fara rawa da safe. Ya sani in bai taɓa maɗacin nan bana ba, to sai dai wani. Amma kayar da irin wannan itace da jawo shi bakin ruwa aikin ƙarti arba'in ne na kwana da kwanaki, ƙarti kuwa ba sa jan igiya da ciki wofi. Rumbun Ɗangiwa da ƙyar yake kai shi da matarsa Tambaya faɗuwar damina. Kuma babban itace na kusa da gulbi ba a taɓa shi sai da yardar Sarkin Ruwa Lauwali.

Ana nan sai ga Ɗanmaliki.

Madugun goro ne daga Tambuwal. Ya zo bisa alfadari, da riga uku a jiki cikin wannan zafi na ƙarshen damina, ƙanshin turarensa ya riga shi shiga zaure. Bayansa mutanensa, gefensa Sarkin Ruwa, da wani ramammen mutum mai jakar kayan sassaƙa da aka ce sunansa Na'iya. Madugu ya ce uwarsa Saudatu 'yar Dogo ce, an kai ta Tambuwal tana ƙarama. Ya ji maroƙa suna wasa kakansa, zuciyarsa ta motsa. Yana son a tayar da Tsage. Gero, nama, goro, duk abin da ƙarti za su ci a kansa.

Ɗangiwa ya dube shi daga rawani har takalmi. Ya ga irinsu. Mutum ya tara goro, ya tara riguna, sai ya tashi neman kakan da zai rataya a wuya. Jikan Dogo, wai. Hannun daman nan luɓus, bai taɓa riƙe filafilin tuƙa jirgi ba. Na hagun ma ba a ganinsa, yana cuse cikin ninkin riga kamar wanda ya ɓoye wani abu kada a roƙe shi. Amma gero gero ne. Ya tashi ya sauko da ɗan Tsage.

Na'iya ya ce a kawo kwatarniya da ruwa. Tambaya ta kawo, ta ajiye fura a gaban baƙi, ta ja gefe ta tsaya. Aka ɗora ɗan jirgi. Ya yi ɗan lilo, sannan ya kwanta dama abinsa.

Mutanen Tambuwal suka bushe da dariya.

Na'iya ya ce, "Madugu, wanga ai ba jirgi ba na. Ludayi na da yas sha rana."

Ɗangiwa ya ce, "Kai mi kaka sassaƙawa can garinku?"

"Turmi, akushi, allo, kujerar mata. Babu gidan babban mutum da babu aikina."

"Madalla. Turminka ya taɓa ƙetare gulbi?"

Ana cikin haka wata rina ta sauko daga jinka tana zagaya rawanin madugu. Aka ji tas, ta faɗi ƙasa. Ɗangiwa bai ko ɗaga kai ba, idonsa yana kan kwatarniya.

Ɗanmaliki ya gyara zama ya ce, "Baba, ba raini ba, amma kakana ba shi shiga karkataccen abu. Ko mai awon ya yi kuskure, ko itacen ya bushe ya lanƙwashe. Na'iya shi ɗauki tsawo da faɗi, shi yi wani madaidaici. Shi za ya sassaƙa babban. Kai kana iya zama kusa kana ba shi labari."

Ba shi labari. Ɗangiwa ya ji maganar nan har cikin haƙoransa.

Sarkin Ruwa Lauwali mutum ne da ba ya son rigima kuma ba ya son ya rasa mai ciyar da ƙarti arba'in. Ya shafa gemu ya ce itace ɗaya ne, ba a sara shi sau biyu. Juma'a ta sama, in an sauko daga masallaci, kowa ya kawo ɗan jirginsa bakin gulbi. Wanda nasa ya zauna daidai a ruwa, maɗaci nasa ne.

Kwana uku Ɗangiwa bai ci tuwo da daɗi ba. Ran na huɗu da la'asar Tambaya ta same shi a inuwar rumbu, ɗan Tsage a cinyarsa, wuƙar sassaƙa a hannu. Yana shafa gefen dama da babban yatsa. Kaurin farce kawai zai kankare, jirgi ya miƙe, maɗaci ya zama nasa.

Ta ce, "Malam, mi kaka shirin yi?"

"Ba ruwanki."

"Ka faɗa musu gaskiya mana. Jirgin ga don mutum ɗaya anka yi shi."

Gaskiyar kuwa ita ce wannan. Dogo bahago ne. Ƙato ne mai nauyi, a gefen hagu na wutsiya yake tsayawa, da hagu yake tuƙi. Wanda ya sassaƙa masa Tsage sai ya bar wa gefen dama kauri, don in Dogo ya taka, nauyi ya raba daidai. Maroƙa sun share wannan daga kirari tun tuni, don ba wanda zai ba ka riga in ka kira kakansa bahago. Waɗanda suka gan shi da ido duk sun kwanta dama. Gidan masu awo kaɗai suka rage da sani, don igiyar rama ba ta san kunya ba.

Ɗangiwa ya ce, "In tashi gaban jama'a in ce ma madugu kaka nai bahago na? Ranar nan za ya ɗaure gero nai shi koma Tambuwal. In na yi shiru, mai turmi shi ci. In na yi magana, babu mai ci. Ko ma dai mi na, mutumin ga ba jikan Dogo ba na. Sayen kaka yaz zo yi."

Tambaya ta yi tsaki ta ce, "Kai kana can kana kallon kwatarniya awa wanda za a yanka. Ni nig ga hannun da yab buge rinar nan da shi. Ya fito daga riga, ya yi aiki nai, ya koma, tun ba ta kai ƙasa ba."

"Ke dai idonki shina ganin abin da babu."

"To. Kankare. In ka tarad da Bube lahira sai ka ce mai wani mai kujerar mata yak koya maka awo."

Ta ɗauki tsintsiyarta ta yi gaba. Daga baya ya mayar da wuƙar kube, ba don ya yarda da maganarta ba, don dai hannunsa ya ƙi.

Ranar Juma'a bakin gulbi ya cika. An shimfiɗa wa madugu tabarma nesa da laka, don kada rigunansa su san sun zo Kebbe. Na'iya ya buɗe zane ya fito da nasa. Kai, a ba shi abinsa, ya yi kyau. Miƙaƙƙe ɗas, gefe da gefe kamar tagwaye, an yi masa zanen wuta irin na bakin akushi, har da 'yar jar fata a hanci. Ya naɗe wando, ya shiga ruwa iya idon sawu yana ɗaga ƙafa kamar kazar da ta taka ƙaya, ya ɗora. Jirgi ya zauna cif. Mutanen Tambuwal suka hau sambarka, wani maroƙi ya fara gyara murya.

Ɗangiwa ya shiga har gwiwa ya ɗora ɗan Tsage. Ya kwanta dama. Dariya ta tashi, har da wasu 'yan Kebbe marasa kunya waɗanda suka riga suka ji ƙanshin naman madugu.

Sarkin Ruwa ya buɗe baki zai yanke magana, Ɗangiwa ya ce, "Ranka shi daɗe, ka taɓa ganin jirgin da yac ci tsere babu kowa ciki?"

Ya kwance 'yar jakar fata ya zazzage dutsen a tafinsa. Baƙi ne, sumul, bai wuce ƙwallon kanya ba. A wutsiyar ɗan Tsage, gefen hagu, akwai wani ɗan gurbi, inda diddigen Dogo ya cinye itace a shekara bakwai, Bube kuma ya kwafe shi yadda ya same shi. Ɗangiwa ya ajiye dutsen a nan. Ɗan jirgi ya ɗago a hankali, ya miƙe, ya ɗaga hanci, ya tsaya yana yanka ruwa kamar ya san hanya. Masuntan da ke gaba suka matso kusa. Su sun san zaman jirgi in sun gan shi.

Ɗangiwa ya ɗauke dutsen ya ɗora a wutsiyar jirgin Na'iya, daidai wurin. Abin ya yi dungure ya kife, jar fatar tana kallon ƙasa. Ɗangiwa ya lalubo dutsensa daga yashi.

Na'iya ya ce, "Wanga zalunci na. Wane matuƙi ka tsayawa hagu? Sa shi dama, inda kowane ɗan halak shika tsayawa, ko tsakiya."

Ba wauta ya faɗa ba, abin haushin ke nan. Sarkin Ruwa ya juyo ya ce, "Ɗangiwa, don mi hagu?"

Ga shi an zo wurin. Ɗangiwa ya dubi ruwa, ya dubi tabarmar madugu, ya tuna maɗacin nan da shekara talatin ɗinsa. Yana iya cewa haka ya gada, bai san dalili ba. Amma wanda bai san dalilin awonsa ba, me ya raba shi da mai turmi?

Ya ce, "Don Dogo bahago na, ranka shi daɗe."

Maroƙin nan ya haɗiye kirarinsa. Ɗanmaliki ya miƙe, fuskarsa ta yi baƙi kamar gindin tukunya.

Ya ce, "Tsoho, na zo garinku da alheri, ka tara mani jama'a ka zagi kakana. A ɗaura wa alfadari sirdi. Ku ci itacenku."

Ya juya. Gero ya juya tare da shi, da naman, da ƙarti arba'in. Ɗangiwa yana tsaye cikin ruwa, dutsen a hannunsa, sai maganar Tambaya ta faɗo masa. Rina. In idon tsohuwar nan ƙarya ya yi mata, to ya ƙara wa zagi jifa, kuma ko ƙafar Sarkin Ruwa ya kama ba zai sake ganin maɗacin nan ba.

Ya ce, "Madugu. Ga kakanka, tafi da shi."

Ya wurga dutsen, saitin ƙirji, ba da wasa ba.

Ɗanmaliki ya waiwayo. Hannun daman nan mai laushi bai ko motsa ba. Na hagu ne ya fito daga ninkin riga kamar maciji daga rami, ya cafe dutsen a iska, cak. Hannun riga ya zame har gwiwar hannu. Kowa ya ga wuyan hannun: tsohon tabo ne ya zagaye shi, fari, siriri, irin wanda igiya ke bari in an daɗe ana ɗaure hannun yaro a bayansa lokacin cin tuwo.

Ba wanda ya yi dariya. Wata tsohuwa can baya ta ce, "Allah sarki."

Madugu ya tsaya yana kallon hannunsa kamar baƙon da ya shigo masa gida babu sallama. Ya so ya mayar da shi riga, ya ga babu amfani. Ya juya dutsen a tafinsa.

Da ya yi magana, muryar ba ta madugu ba ce. Ya ce, "Shekara bakwai, anka ce? Da wanga hannu?"

Ɗangiwa ya ce, "Da shi. Masu dama ashirin suna baya nai suna shan ruwan filafili nai."

Ɗanmaliki ya gyara rawani, da hagu, a gaban kowa, ya dawo madugunsa. Ya ce, "Na'iya, tsamo akushinka mu gani ko ya jiƙa. Gida ana neman turmi, ka riga mu tafiya. Sarkin Ruwa, a ba tsohon ga itace nai. Amma da sharaɗi. Ni za ni tsaya wutsiya."

Ɗangiwa ya fito daga ruwa yana matse wando. Ya zagaya madugu sau ɗaya, a hankali, yadda yake zagaya itace kafin ya sa gatari.

Ya ce, "Ka iya iyo?"

"Ana koyo."

"Ka taɓa shiga jirgi?"

"Na ƙetare Kwara sau shida hanyar Gwanja."

"Zaune bisa kayan goro, ido rufe, kana salati."

Madugu bai musa ba.

Kwana tara bayan nan maɗaci ya faɗi, ƙarar ta kai har Fakku. Ɗangiwa ne ya sa gizagon farko, kuma da safen nan hannunsa bai yi rawa ba. Ƙarti suka ci gero har suka fara zaɓen nama. Kullum da hantsi kuwa ana ganin madugun Tambuwal a mashigi, daga shi sai bante, masunta biyu suna riƙe da shi yana dukan ruwa yana shan rabinsa, mata masu wanki suna ta ba shi shawarar da bai nema ba.

Tambaya ba ta ce ta faɗa ba. Tuwo kawai ta riƙa ajiye masa da wani irin kallo, wanda ya fi magana ciwo.

Sai dai aiki ya tsaya kwana biyu kafin a fara rarake cikin. Dogo ƙashi ne da tsoka, jikansa kuwa, Allah ya yi masa arziki, kuma duk a gaba ya tara shi. Kaurin da aka bar wa gefen dama don kakan ba zai ɗauki jikan ba. Aka ga Ɗangiwa yana bin bakin gulbi a sunkuye, yana ɗaukar duwatsu yana jinjinawa a tafi yana yarwa.

Sarkin Ruwa ya ce, "Mi kaka nema, Ɗangiwa?"

Ya ce, "Madugu nika nema, ranka shi daɗe. Duk waɗanda nis samu sun yi rama."